Wai don sha'awa muke yi sai a riƙa sayar mana da aikin da ba a gama ba?

Masu sayar da ƙananan injinan feƙe ƙarfe sun raina mana wayo, kuma rainin ya isa haka. Mu da muke ƙera ƙananan injinan tururi da jiragen ƙasa a ɗan ɗakin aiki na gida an mayar da mu leburorin da ba a biya. Ka sayi inji sabo fil, a talla an ce da ka sauke shi sai aiki. Ka buɗe akwati ka tarar da shi dumu-dumu da girishi, a ƙarƙashin girishin kuma yashin zubi ne da ba a wanke ba. Wanda bai sani ba ya kunna shi a haka, yashin nan zai bi ya cinye hanyar da keken injin, wato sashen da ke ɗauke da wuƙar yankan ƙarfe, ke zamewa a kai. Dole ka kwance shi kaf, ka wanke da kananzir, ka goge kaifin da aka bari, ka sake ɗaurewa. Wannan ai aikin masana'anta ne, kuma kuɗinsa na cikin abin da ka biya.

Ka gama wannan wahalar, ka ɗaura sandar ƙarfe ka feƙe, ka auna. Kai ɗaya ya fi ɗaya kauri, saboda tsinin da ke tokare ƙarfen ta baya bai saitu da na gaba ba. A cikin kan injin kuma giyoyin roba ne. Wuƙa ta ɗan cije, haƙoran giya su zube, kuma kafin ka kai ga canza ta sai ka zare sandar juyin gaba ɗaya. Wai an yi haka ne don a kare motar lantarkin da ke juya injin. Madalla. To me ya hana a sa giyar inda hannu zai kai?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ma'aunin da ke jikin mariƙin da ake juyawa don tura wuƙa. A wasu injinan, sukurun da ke tura wuƙa yana tafiyar milimita 1 ne a kowane zagaye, an raba zagayen gida 40, kowane gida milimita 0.025 ke nan. Amma sai a rubuta cewa kowane gida ɗaya ne cikin dubu na inci. Inci kuwa milimita 25.4 ne, don haka ɗaya cikin dubunsa 0.0254 ne. Za a ce bambancin ba komai ba ne. Juya mariƙin sau 10 ka gani: ka kauce da milimita 0.16, fiye da kaurin gashin kai. Mai ƙera fistin da zai shiga silinda ɗan mitsitsi ya san wannan ratar ta isa tururi ya tsere ta gefe, inji ya yi ta huci ba ya motsi. Ƙanƙantar abu ba ta rage masa buƙatar daidaito, ƙara masa take yi. Wannan ne masu sayarwa suke yi kamar ba su sani ba.

Sai masu sayar da zubin ƙarfe, su ma ga nasu. Ƙarfen zubi idan ya huce da gaggawa, wani sashe nasa yakan ƙanƙare ya yi taurin da zai dakushe wuƙa nan take. Wannan ma da sauƙi. Na taɓa zama dare bayan dare a kan silinda guda, na daidaita fuskokinta, na huda, ina yankan ƙarshe sai ga ramin iska ya buɗe a tsakiyar inda fistin zai bi. Na rubuta wa mai kayan, na haɗa da hoto. Bayan dogon shiru amsar da ta zo ita ce ba sa karɓar kayan da aka riga aka yanka. Don Allah ta yaya zan ga ramin da ke cikin ƙarfe ban yanka ba? Da duba zan gano shi?

Zanen aikin da suke haɗowa da shi kuwa, kurakuran da aka daɗe da sani suna nan, ana ta sake bugawa ba gyara. Zane ya ce ka yanka tiredi, wato haƙoran sukuru, na tsarin Birtaniya mai suna BA mai kusurwa digiri 47.5, ko na Whitworth, wanda aka tsara tun 1841 mai digiri 55, alhali injin da aka sayar maka na lissafin mita ne. Giya mai haƙora 127 da ke haɗa lissafin inci da na mita daidai wa daida ba ta cikin akwatin, a wasu injinan ma babu wurin da za ta zauna.

Na san abin da za a ce: araha ba ta ado. Mun ji. Babu wanda ya ce a ba shi Myford ML7 a farashin abin wasan yara, injin da aka fara yi a Ingila a 1946 kuma har gobe wasu na aiki da shi. Mun yarda da ƙaramin inji mai ƙaramin ƙarfi. Ƙarya ce ba mu yarda da ita ba. Ku rubuta a tallarku cewa sai an kwance an wanke an saita. Ku sa takardar gwajin da aka auna a kan injin da ke cikin wannan akwatin, ku daina cusa mana kwafin takarda ɗaya mai sa hannu iri ɗaya a kowane akwati. Zubin da aka samu rami a cikinsa ku canza shi ba gardama, tunda a tukunyarku iskar ta shiga.