Shekarar share fage ba kujerar digiri ba ce

Da yawa suna ɗauka duk wanda ya samu gurbin shekarar share fage (foundation year, wato karatun shekara guda kafin digiri) a jami'ar Ingila ya riga ya shiga digiri. Ba haka ba ne. A Ingila ɗalibi kan yi shekara 13 a makaranta kafin digirin shekara 3, shi ya sa wanda ya yi 12 yakan cike giɓin da wannan shiri. Shiga aji ɗaya na digiri kuwa sai ka ci makin da sashen ya gindaya, har da na Turanci, kuma na likitanci ya fi tsauri. Inda aka fi tafka asara shi ne sauya jami'a, domin ba lallai wata ta karɓi sakamakon ba. Kafin ka biya, nemi a ba ka a rubuce makin da ake buƙata da kwasa-kwasan da shirin ke kaiwa.