Mota mai ja da ƙafa huɗu ba ita ce sarauniyar filin tsere ba

A majalisun samarin Kaduna masu son mota ana yawan cewa mai ja da ƙafa huɗu, irin Nissan GT-R ko Subaru WRX STI, ta fi mai ja da ƙafafun baya ta kowace fuska. Ba haka ba ne.

Ribarta tana wajen taka totur. Idan za a fito daga kwana, ko kwalta ta jiƙe da ruwan damina, ƙarfin injin yana rabuwa kan taya huɗu, sai ta tashi ba tare da ƙwaƙular ƙasa ba. Amma birki fa? Kowace mota da taya huɗu take tsayawa. Ƙarin shaf da giyar da ke raba ƙarfi nauyi ne, kuma nauyin nan birki ne ke ɗaukarsa, ya yi zafi da wuri.

Cikin kwana ma akwai matsala. Tayoyin gaba suna juya mota, suna kuma ja. Bayan 'yan zagaye sai su ɗau zafi, ka murɗa sitiyari amma hancin motar ya ci gaba miƙe. Motocin gasar tsere ta Formula 1 da Porsche 911 GT3 dukkansu da ƙafafun baya suke ja, sai dai gindinsu kan zame idan direba ya yi garajen totur.

Wani abin da ake mantawa: mai ƙafa huɗu ba ta son taya gauraye. Ka sa sababbi biyu da gwanjo biyu, bambancin girmansu zai riƙa cin giyar tsakiya, wadda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, a hankali har ta lalace.