Wa ke ajiye ganyen dazukanmu?

'Yan uwana a nan Landan na yawan cewa Turawa sun kwashe sirrin itatuwanmu sun boye a Kew, babban lambun binciken tsirrai. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ban yarda laifin ya tsaya a kansu kadai ba.

Abin da ke ma'ajiyar tsirrai ta Kew busassun ganye ne da furanni, wajen miliyan 7, kowanne an manna shi a takarda, an rubuta inda aka tsinko shi da ranar da aka tsinko. Aikin hakuri ne zalla. Idan masani ya ga wata bishiya a daji yana zaton ba a taba rubuta ta ba, sai ya kwatanta ta da wadannan takardu kafin ya rada mata suna. Haka aka yi a 2022 da wata bishiya mai fure a jikin kututture, daga dajin Ebo na Kamaru. Masana suka sa mata Uvariopsis dicaprio, don karrama Leonardo DiCaprio, dan wasan fim na Amurka da ya sa baki aka dakatar da saran dajin a 2020. Bishiyar Kamaru, sunan Ba'amurke. Abin da ciwo, amma wanda ya ajiye takarda shi ke rada suna.

Ilimin kuwa muna da shi. A 1916 wani likita, Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai da Hausa cikin littafi guda, kuma daga bakin mutanenmu ya ji su. Har yau mai sayar da sassake a kasuwa zai fada maka amfanin marke da madaci ba tare da ya bude littafi ba. In ya rasu, ya tafi da abinsa.

Ko kurar fure ma tana ba da labari. Masu bincike daga Jamus sun hako tabon kasan tafkin Tilla, kusa da Biu, suka duba kurar furen da ta kwanta a ciki shekaru dubbai, suka gano wurin ya taba yin damshi da duhun itatuwa fiye da yanzu.

A nan Landan tsofaffin da suka ajiye aiki kan je Kew su taya jera takardun kyauta. A gida yaro ya ce zai karanta ilimin tsirrai, baffansa zai tambaye shi ko ya rasa gurbin likitanci ne. Ga ma'ajiyar tsirrai a Ibadan, ga dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, amma iyaye nawa za su bar dansu ya yi damina uku a can yana tsintar ganye?