Siki ɗaya don filin tsalle da gangaren dutse: ga ra'ayina

Na san wani zai ce ina ruwan ɗan Gombe da zamiyar ƙanƙara, mu da hunturu kaɗan ke sa mu kwana da rigar sanyi. To ai ƙannenmu ne suka cika jami'o'in Turkiyya, kuma duk wanda ya zauna a Kayseri, dutsen Erciyes na leƙensa ta taga, wata rana sai ya hau. Ni ma a can na koya. Shi ya sa duk shekara tambaya ɗaya ke shigo min ta saƙo: "Yaya, wane siki, wato dogon allon zamiya da ake ɗaurawa a kowace ƙafa, zan saya wanda zan shiga filin tsalle da shi, in kuma sauko gangaren dutse da shi?"

Sayi na tsaka-tsaki, ka kuma sani tun kana cikin kanti cewa akwai abin da za ka rasa.

Sikin filin tsalle, wato wurin da aka yi wa tuddai da ƙarafa don tsalle da juyi, baki biyu gare shi, gaba da baya duk a tanƙware sama, don ka dira da baya ka ci gaba da tafiya. Kamfanin Salomon ne ya yi fice da irinsa a ƙarshen shekarun 1990. Yana da laushi, ba nauyi, kuma maƙalin takalminsa a tsakiya ake ɗaura shi domin juyi a sama ya daidaita. Amma kai shi gangare da sassafe, ƙanƙara ta daskare, ka sakar masa gudu, za ka ji bakinsa na karkarwa. In kuma sabuwar dusar ƙanƙara ta zuba, gabansa gajere ne, sai ya riƙa nutsewa. Na gangaren dutse ya fi tauri, wani har da fallen ƙarfe a cikinsa, maƙalinsa an ja shi baya sosai. Yana riƙe ƙasa da kyau, sai dai a sama nauyinsa zai gajiyar da kai.

Abin da nake gaya wa yara shi ne su nemi mai baki biyu wanda faɗin ƙugunsa, wato tsakiyarsa, ke tsakanin milimita 90 da 100. Ƙasa da haka zai wahalar da kai cikin dusa mai zurfi, in ya kai 110 kuma ka koma na dusa zalla. A ja maƙalin baya da tsakiya kamar santimita 3 zuwa 5. Ka yi tunani kafin a ɗaura, domin huda allon ake yi, kuma kowane canji sabbin ramuka ne. Tsawo ya kai maka hanci ko goshi, kada ka rage, tunda jelar da ta tashi sama ba ta taɓa ƙasa.

Inda sulhu ya gagara shi ne kaifin gefe. Mai saukowa gangare yana so gefen sikinsa ya yi kaifi ya kama ƙanƙara a kwana. Mai hawa ƙarafan filin tsalle kuwa da gangan yake sa magagari ya dakushe nasa, don kada ya kama ƙarfe ya kifar da shi. Ko bai dakushe ba, ƙarafan za su yi masa aikin, har gefen ya tsage. Babu ma'aikatar da ta warware wannan, duk abin da mai talla zai faɗa. Taura biyu ba ta taunuwa. In ƙarfe ne abin sonka, nemi tsohon siki mai araha ka ware masa, ka bar mai kyau ya huta.

Kuma mu daina yaudarar kanmu. Tun da wasan filin tsalle ya shiga gasar Olamfik ta Sochi a 2014, bidiyonsa ya cika wayoyi, kowane yaro gani yake shi ma gwanin juyi ne. Alhali in ka bi shi, wuni zai yi a gangaren da aka share, sai dab da tashi ya leƙa ƙaramin tudu ya yi tsalle don a ɗauke shi hoto. Irin wannan yaro, sikin gangare yake bukata mai ɗan tashin jela, ba wani abu ba.

Iyaye masu tura kuɗi, ku saurara: shekarar farko haya ta ishe shi. In za a sayi wani abu, a fara da takalmin da ya dace da ƙafarsa da hular kwano, don takalmin da ya yi yawa ko ya matse ya fi mummunan siki ɓata wuni. Alhazanmu kuma da ke leƙa Ski Dubai, wurin zamiyar ƙanƙara na cikin gini a Dubai, in sun je saro kaya, kada ku sayi komai. Tun 2005 wurin yake cikin Mall of the Emirates, kuma kuɗin shiga ya haɗa da aron kayan zamiyar.

Wanda ya gama karatu, ya sayar da sikinsa ga ƙannen da ya bari a can. Dutsen Bima dai ba ya dusa, kuma kuɗin awon jirgi bai san zumunci ba.