Tukunyar da ake so ta tumbatsa

Na karanta rahotonku kan Pongal, bikin girbi na jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, sai dai kun taƙaita maganar tukunya, alhali ita ce jigon bikin. A ranarsa ta biyu, wajen 14 ga Janairu, ana dafa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila a tukunyar ƙasa, a bar ta ta tafasa har ta zubo, domin mabiya addinin Hindu na ɗaukar zubowar a matsayin alamar yalwa da godiya ga rana. Washegari kuma ta shanu ce, a wanke su, a shafa wa ƙahoninsu launi, kuma a ganina sun cancanta, tunda su suka yi huɗar.