Ga wani mai awa ɗaya

Akwai wani a garin nan na Abuja da ke bin ofisoshi da shaguna daga Wuse zuwa Garki yana karya farashi, yana cewa mu da muke ɗaukar kwana biyu wajen ɗaga babbar manhajar saba (wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan wurin aiki) zuwa sabon zubi cin kuɗin mutane kawai muke yi, shi a awa ɗaya yake gamawa. Ban kira suna ba, kuma ba zan kira ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Malam, ba wanda ya yi maka musu cewa babbar manhajar Ubuntu 20.04 da ka tarar a sabar wani bawan Allah, Alhaji ɗan kasuwa, ta tsufa. Tallafinta na shekara 5 ya ƙare a 2025, dole a matsa gaba. Amma ba a tashi daga 20.04 a dira kan 24.04, sai an bi ta 22.04, kuma kowane mataki sai ya sauko da ɗaruruwan fayiloli ya jibge su a /var/cache/apt/archives kafin ya fara girkawa. A ina za su zauna a diskin da ya cika maƙil? Ita kanta do-release-upgrade, manhajar da ke aikin ɗagawar, ta duba, ta tsaya, ta rubuta maka ƙarara cewa fili bai isa ba, har da adadin da take nema. Nan ne mai tsoron Allah zai ɗauke hannunsa, ya ce wa mai kaya a ba shi zuwa gobe.

Kai kuwa sai ka shiga /var/lib/mysql, inda manhajar adana bayanai ta MySQL ke ajiye kayanta, ka ga manyan fayiloli, ka share. Innalillahi. Nan ne fa dukiyar mutumin take: lissafin kaya, bashin da yake bin 'yan sari, albashin yaransa. Kuma ba ka kwafi komai ka ajiye a wani diski ba kafin ka taɓa. Ko da binlog ne ya cinye filin, wato kundin canje-canjen da ake yi wa bayanai, wanda MySQL 8 ke rubutawa tun ranar da aka girka ta, daga cikin MySQL ɗin ake rage shi da PURGE BINARY LOGS, ba da hannu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne filin da kake nema yana nan gabanka. Da ka buga df -h, da ka ga wane ɓangare ne ya cika, du kuma ta kai ka har inda nauyin yake. Ƙaramin ɓangaren /boot cike yake da tsofaffin kanel (wato zuciyar babbar manhaja) da ba a tashi da su, apt autoremove --purge na kwashe su ta bar wanda ake kai. Sannan apt clean a share fayilolin girki da aka sauko da su a baya, sannan journalctl --vacuum-size a rage rajistar da ta taru shekara da shekaru. A sabar nan abin da waɗannan suka fitar ya ishi aikin har da ragi. Wani lokaci ma ka share fayil amma filin ya ƙi dawowa, saboda wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, sai lsof +L1 ta nuna maka ita. Wani lokacin kuma df -i ce za ta tona cewa yawan ƙananan fayiloli ne matsalar, ba girmansu ba. Wannan binciken, da kwafin ajiya, da gwada cewa kwafin yana dawowa, su ne kwana biyun da kake yi mana gori a kai.

Kuskure kowa na iya yi, da ka tsaya ka amsa da ban rubuta wannan ba. Amma ka ce wa Alhaji wuta ce ta ɗauke, alhali inbata na kunne ranar. Da hakan bai shiga ba, ka ce yaron da ke shigar da lissafi ne ya taɓa wani abu. Tarihin umarnin da aka buga yana nan a sabar, na karanta shi layi-layi. Yaron nan yanzu yana zaune da damin rasit yana sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ana kuma yi masa kallon mai laifi. Ka kunna wayarka, ka je ka faɗa wa Alhaji da bakinka abin da ka share, a wanke yaron mutane kafin a sallame shi.