Mun ɗauka mura ce

Ciwon Stevens-Johnson, wato mummunan ciwon fata da wasu magunguna kan jawo, na gan shi da idona a jikin ƙanwata. Kwana 10 da fara shan maganin carbamazepine saboda farfaɗiya, sai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, idanu suka yi jajur. Muka ɗauka mura ce, har muna matsa mata ta sha maganinta kan lokaci, kaico! Kafin kwana biyu leɓɓanta sun fashe, ko ruwa ba ya haɗiyuwa, fatar bayanta tana saɓulewa kamar wadda ta ƙone. Nan take likita ya canza maganin, ya ce allopurinol (maganin wani ciwon gaɓoɓi) da Septrin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) ma sukan jawo hakan. Ta warke, alhamdulillahi, amma har yau idanunta bushewa suke yi, kullum da maganin ɗigawa a jakarta.